Alhassan Sukundireba da Wayar Memuna

Duk wanda ya zauna unguwar Sakasaka ya san Alhassan Sukundireba ba ya buɗe komai sai ya yi masa sallama. Rediyo, fanka, tocila, har agogon bangon masallacinmu. Zai kafa sukundireba a kan noti, ya gyara murya, ya ce, "Salamu alaikum, masu gida." Sai ya ɗan saurara. Na taɓa ce masa, "Alhassan, ran da rediyo ya amsa maka, kar ka neme ni, ina Kumasi." Ya ce, "Seidu, kai da ko mutum ya yi maka sallama ba ka amsawa sai ka leƙa abin da ya riƙo?"

Tun da ya rasu ake tare ni a hanya: "Baba Seidu, me ya haɗa ku har ka yi damina guda ba ka zauna a bencinsa ba?" To, wayar Memuna ce, matata, Allah ya ji ƙanta. Muryarta na ciki, ina so in ji, shi kuma ya kafe. Amma bari in fara daga Hawainiya, don ku san da wa na yi fama. Ku yi haƙuri da rubutun. Aji biyu na yi a makaranta, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro.

Hawainiya 'yar kwamfuta ce da ya haɗa da hannunsa, ba ta fi tafin hannu ba. Ƙwaƙwalwarta kaɗai surukinsa ya aiko masa daga Ankara, babban birnin ƙasarmu, sauran duk tsince-tsince ne. Gilashinta na mushen waya ne, batir na tsohuwar fitila, gidanta kuwa robar ajiye sabulu ce ta matarsa Sanatu. Wani madanni ya faɗi, ya sa maɓallin rigarsa. Rigar ta zauna a buɗe har Allah ya karɓi abinsa. Kowane sashe ana cire shi a maƙala wani: yau ta fito da eriya kamar ƙahon fara, gobe ta yi ido tana ɗaukar hoto, jibi ya soka mata wani tsinke ya tafi gona tana gaya masa ko ƙasa ta sha ruwa. Shi ya sa muka sa mata Hawainiya. Kuma babu ɗigon gam a jikinta, sai noti. Ya tsani gam kamar yadda na tsani mai karɓar haraji. Kun san maganarsa: "Abin da ba ka iya kwancewa ba naka ba ne, aro aka ba ka."

Wannan magana ta ja mana! Ran bikin 'yata Abiba, dangin ango suka kawo fanka sabuwa fil a kwali. Kafin a gama rabon tuwo, Alhassan ya baje ta a tabarma, gunduwa-gunduwa. Gwaggon ango ta ɗora hannu a ka tana salati. Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, tabbatarwa nake ta amarya ce." Ya mayar da ita, ta yi aiki, amma noti ɗaya ya rage a hannunsa. Ya jefa a aljihu, ya ce, "Wannan dama zaman banza yake."

Babban aikin Hawainiya shi ne gwada makullin da ido ba ya gani. Masu shago kan kira shi ya duba ko ɓarawon zaune zai iya shiga waifai ɗinsu ko kyamararsu. Amma sai mai abu ya ce ya yarda, a gaban shaidu. Na taɓa lallaɓa shi ya buɗe mana waifai ɗin Alhaji Fuseini mai siminti mu kalli ƙwallo a ɓagas. Ya dube ni sama da ƙasa.

"In ka ga ƙofar Alhaji a buɗe, shiga kake ka kwanta a gadonsa?"

"Iska ce fa! A sama take yawo!"

"Iskarsa ce. Je ka yi masa sallama."

Na je. Alhaji ya ba ni lambar sirrin, ya kuma sa ni sauke siminti.

Da na sa kyamara a siton masarata, na zo benci ina hura hanci, na ce ko aljani bai isa ya leƙa ba. Alhassan ya ce, "Ka ba ni izini?" Na ce na ba ka. Ya juya ga mai shayi: "Ka ji shi?" Ya yi sallama, ya danna 'yan madannai, kafin shayina ya huce sai ga sitona a gilashin Hawainiya, ga akuyar maƙwabta ta tura kai cikin buhu. Na yi tsalle.

"Tsafi ne wannan!"

"Ba tsafi. Ko Hawainiya ban wahalar ba. 'Memuna' na rubuta a wurin lambar sirri. Duk Sakasaka an san mutum ɗaya kake tsoro."

Aka yi ta dariya har mai shayi ya zubar da madara. Da labari ya kai gida, Memuna ta ce, "Da ka sa sunan wani abin da ba a san ka da shi ba, kamar hankali."

Haka take, Allah ya ji ƙanta. Koko take sayarwa, kuma ba ta rubuta saƙo, sai dai ta danna waya ta zazzaga magana. Wata safiya wayar ta faɗa tukunyar koko ta mutu, ta cusa ta a kwalla ta ce sai ta samu sarari. Sararin bai zo ba. Ciwo ya zo, ta tafi. Bayan an watse zaman makoki gidan ya yi tsit, babu mai ce mini wawa. Ban san haka na saba da kalmar ba. Yara suka duba wayoyinsu, duk sun goge saƙonninta don wuri ya cika. Na ɗauki wayar na kai wa Alhassan.

Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Gero da kanamfari. Cikinta bai mutu ba, ana iya ciro abin da ke ciki." Sai ya miƙo mini.

"To buɗe mana!"

"Wa ya ba ni izini?"

"Ni! Mijinta!"

"Wannan yanzu gado ce, Seidu. Kai rubu'i gare ka. Akwai Abiba, akwai Rahinatu, akwai ɗanka Yakubu, ga kuma Mma Azara da ranta."

Na ce, "To buɗe mini rubu'ina!" Bai ko yi murmushi ba. Na zage shi, na zagi Hawainiya, na zagi robar sabulun, na tafi. Damina guda ina zagayawa ta bayan kwata don kar in bi ta gaban bencinsa, takalmina biyu suka tsinke.

Yaran ba su ba ni wahala ba. Mma Azara ce, surukata, tana unguwar Nyohini, kuma tun ran da na je neman aure da takalmin aro take kallona kamar kuskuren da ba a gyara ba. Da abin ya ishe ni, na sayi goro, na hau yelo-yelo, babur mai ƙafa uku, na tafi. Na durƙusa, da furfurata da ciwon gwiwata, ina gaisuwar girmamawa irin ta nan garin, "Naa, naa." Ta bar ni a ƙasa har ƙafata ta yi barci.

"Wane ne?"

"Seidu ne, Mma."

"Mai takalmin aro?"

"Shi ne, Mma."

Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ɗauki goro ɗaya tana murzawa a hannu. Sannan ta ce, "A gabana za a buɗe. Ni na fara jin kukanta a duniya."

Ranar Juma'a bayan masallaci muka taru a tsakar gidanta. Alhassan ya zo da Sanatu, bai ce mini ci kanka ba. Ya fito da Hawainiya, sai na ga ta yi sabon hannu, wani ɗan faranti mai siraran wayoyi kamar gashin masara. Sanatu ta raɗa mini cewa tun ran da na zage shi yake haɗa shi, har rediyonsa na jin labarai ya farke don ya samu kayan. Na dubi ƙasa.

Ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ya yarda. Ya kafa sukundireba a bayan wayar.

"Salamu alaikum, masu gida."

Ya saurara, kamar kullum. Sai Mma Azara ta ce, "Wa alaikumus salam. Shigo, ɗana."

Alhassan ya kwance notin. Ya yi ta aiki har inuwa ta juya. Da ya gama ya ɗora Hawainiya a cinyar tsohuwa, ya nuna wa Abiba maɓallin rigar nan, ya ce nan za ta danna. Shi kuwa ya fita waje, wai izinin buɗewa aka ba shi, ba na saurare ba.

Abiba ta danna. Sai ga Memuna, tsaf, har da ƙarar ludayi:

"Abiba! Ki gaya wa wawan ubanki ya sha maganinsa, na san a ƙarƙashin katifa yake ɓoyewa. Kuma in kin bi ta wajen Alhassan, ki ce ya dawo mini da tocilata da robar sabulun Sanatu, tsohon banza mai kwance-kwance!"

Kun san muryar Memuna, katanga ba ta tare ta. Daga waje muka ji Alhassan ya ce, "Gobe zan kawo, Hajiya!"

Muka yi dariya har ta koma wani abu dabam. Mma Azara ta ce a sake, aka sake, ta ce a sake.

Washegari da sassafe ya kawo tocilar, tana haske, da noti ɗaya a hannunsa. Robar sabulu dai ya ce sai dai a yi haƙuri. Na koma zama a bencinsa. Ya zuba mini muryar a wayata, kowace safiya sai an ce mini wawa sannan in sha magani.

Hawainiya tana wurin Sanatu yanzu, ta ce ko ba komai robarta ta dawo gida.

Ya Allah, ga Alhassan nan ya zo. Bawanka ne da bai taɓa shiga inda ba a ce masa shigo ba. In ya tsaya a ƙofar rahamarka ya yi sallama, ka sa a amsa masa da wuri. Ka haɗa shi da Memuna a Aljanna, ka yafe musu, mu ma ka kyautata namu zuwan. Amin.