Ranar da Alhaji Mudi Ya Ba Bulon Wuta Ruwa

A duk shekarun da na yi ina tafinta da dillancin kaya a Guangzhou, ban taɓa mantawa da ranar da bulo ya so ya raba ni da sana'ata ba. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da abubuwa da sauƙi. A 2007, lokacin da nake zaune a unguwar Dengfeng, tafinta ba shi da jarin da ya wuce sunansa. Idan babban ɗan kasuwa guda ya koma Kano ya ce wane ɓarawo ne, to ka haɗa jakarka kawai.

Alhaji Mudi irin waɗannan manyan ne. Rabin mutanen da nake yi wa aiki shi ya turo min su. A wannan zuwan ba atamfa ya zo saye ba. Yana da gonar rake, yana son tukunyar dafa mazarƙwaila ta zamani. Na samo masa wata ƙaramar masana'anta a bayan gari, ta wani Lawban Chen. Lawban a bakinsu shi ne maigida. Asalin abin da suke ƙerawa na mutanen Kanada ne, masu tatsar ruwan wata bishiya da ake kira mapul su dafa shi har ya yi kauri kamar zuma. Doguwar tasa ce ta ƙarfe a kan akwatin wuta. Lawban ya ce abin da ya dafa ruwan bishiya zai dafa ruwan rake.

Alhaji ya ce ba zai loda komai ba sai an gina cikin murhun a gabansa, an hura wuta ya gani.

Ga yadda aikin yake. Ƙarfe shi kaɗai ba ya jure wannan wutar, lanƙwashewa yake. Don haka a fara shimfiɗa wani farin bargo a jikin ƙarfen daga ciki. A bi shi da bulo mara nauyi, mai hana zafi fita. Inda itace ke faɗawa kuma a jera bulo mai nauyi, da wani siminti na musamman, shafe kaɗan. A bar 'yar kafa a gefe, saboda bulo na buɗewa idan ya ji wuta.

To, babu ɗaya cikin waɗannan da ya kwanta wa Alhaji. Ya taɓa bargon ya ce, "Nasiru, auduga a cikin wuta? Tambaye shi ko ya ɗauke ni mahaukaci ne." Ya ɗaga bulon nan mara nauyi da yatsu biyu, ya karce shi da makullin otal, gari ya zubo. "Wannan ai burodi ne! A Kano mai buga irin wannan ko ɗan'uwansa ba zai saya ba." Da ya ga kafar da aka bari, sai ya ce ƙwauron siminti ake masa. Duk abin da na fassara, amsar Lawban ɗaya ce: "Mei wanti," wato babu matsala. Ni kuwa wannan kalmar ta sha cuta ta a garin nan, don haka ni ma zuciyata ba ta kwanta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kallon da Alhaji ya fara yi min. Idan na yi magana da Lawban ta yi tsawo, sai ya ce, "Duk wannan surutun fassararsa kalma biyu ce?" Idan muka yi dariya, sai ya ɗaure fuska. Har ya ƙi bin mu cin abincin rana. Sinawa kun san su, da sun ci sai barci. Ni in tafi nemo mana taliyar halal, shi ya zauna gadin murhunsa, wai kada a sauya masa bulo a bayan idonsa.

Da aka gama ginin aka bar shi ya sha iska, sai ranar gwaji ta zo. Aka zuba ruwa a tasa, aka hura wuta. Ba a jima ba wani farin tururi ya fara fitowa ta ko'ina, har ta inda bai kamata ba. Lawban ya tsaya yana kallo, ya daina murmushi. Can sai muka ji tas! Sai kuma tas, tas! Wani ɓalli ya fito ta ƙofar murhun ya wuce ta gefen ƙafata. Aka janye itacen da gudu. Da ya huce muka leƙa, bulo ya tsattsage, wasu sun zubo.

Lawban ya hau ma'aikatansa da faɗa, yana zargin sun ɗauko bulon da ruwan sama ya daka. Ni ina zargin Lawban. Alhaji kuwa ni ya juyo wa.

"Nawa ya ba ka?"

Na ce, "Alhaji, ni?"

"Kai fa. Tun ranar farko na ga take-takenku. Bari in koma gida, kowa sai ya ji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka bari a bincika."

"A bincika me? Bulon banza ne! Ni da hannuna nake ba shi ruwa kullum in kun tafi cin abinci, safe ma da zan samu da na ba shi. Na jiƙa shi sharkaf da tiyon can. Bulon da ya sha ruwa haka kuma ya fashe, ka ce min na kirki ne?"

Nan take na gane abin da ya faru. Kun san a gida sabon gini sai da ban ruwa, in ba haka ba siminti ba ya kamawa. Alhaji ya ga Sinawa sun gama gini sun tafi barci ba wanda ya yayyafa ko kofi ɗaya, ya ɗauka mugunta ce, shi ne ya gyara musu a ɓoye. Zafin garin kuma ya busar da saman kafin mu dawo.

Da na fassara wa Lawban, sai ya zauna a kan wani buhu ya dafe kai yana "Ai-ya, ai-ya." Ya ce bulon wuta a bushe ake son sa ƙayau. Ruwan da ya shige shi, in ya ji wuta, tururi yake zama, ya rasa hanya, ya fasa ta da ƙarfi. Na juya wa Alhaji wannan da Hausa a hankali, don kada ya ji kunya gaban mutane.

Bai yarda nan take ba, Alhaji ne fa. Sai da Lawban ya kawo bulo biyu, aka jiƙa ɗaya, aka jefa su wuta tare. Jiƙaƙƙen ya yi tas, busasshen ko gezau. Alhaji ya daɗe yana kallon wutar, sannan ya ce, "To kai me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Wannan shi ne ban haƙurin da na samu, kuma na karɓa. Aka sake ginin, aka fara da 'yar ƙaramar wuta kamar yadda ƙa'ida take, sannan aka kai kaya tashar jiragen ruwa ta Nansha. Alhaji bai taɓa tayar da maganar ba, amma mutanensa ba su daina zuwa wurina ba.

Tambayar nan tasa ta zauna min a rai, don akwai gaskiya a cikinta. Lawban bai ce kada a jiƙa ba, saboda a wurinsa ko yaro ya sani. Alhaji bai ce zai jiƙa ba, saboda a wurinsa ma ko yaro ya sani. Duk abin da suka furta na fassara daidai, wanda suka yi shiru a kansa ne ya kusa cinye ni. Shi ya sa har yau, ko me mutum ya zo saye, nakan tambaye shi, "Alhaji, in an ba ka wannan a gida, me za ka fara yi masa?" Ku ma ku riƙa tambaya, tun kafin ya gano inda tiyo yake.