Ranar da Aka Tura Yaya Korar Tsuntsu

Har yau in na ji ana kaɗa gwangwani a gona don korar tsuntsu, sai in tuna yayana.

Lokacin boko bai daɗe da shigowa ƙasar Dutse ba, mahaifinmu yana cikin malaman elementare. Wata shekara aka ce Baturen makaranta zai zo ya yi wa yara tambayoyi, malamin da ajinsa ya fi amsawa shi za a ƙara wa albashi. Malamai suka yi ta gardama a zaurenmu, muryoyinsu har cikin gida. Wani ya ce ai adalci ke nan, mai ƙwazo ya ci guminsa. Wani ya ce to wa kuma zai yarda a ba shi yaro mai nauyin kai?

Yaya yana ajin Baba. Karatu kam yana kansa, sai dai yana da in'ina. In baƙo ya tsaya a kansa, kalma ɗaya sai ta maƙale har idonsa ya kawo ruwa. Ana gobe Bature zai zo, lokacin gero ya fara nuna, Baba ya ce da shi, bai ko dube shi ba:

"Gobe ka tafi gona. Tsuntsu ya yi yawa."

Ga rigar makarantar Yaya nan a kan danga, ya wanke ta tun safe.

Inna tana ji, amma Yaya ɗanta ne na fari. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya masa a gaban mutane. Ta ci gaba da surfenta, taɓaryar ce kawai ta ƙara nauyi. Kakarmu ta wajen uba ce ta ɗago daga kaɗin audugarta.

"Kai malamin boko, tsuntsun nan sai gobe zai gane hanyar gonarka?"

Baba ya zura takalmi ya fita.

Washegari muna jiyo gwangwanin Yaya daga bayan duwatsu, har azahar bai tsaya ba. Ajin Baba ya yi kyau, aka yi masa ƙarin. Ya sayo wa Yaya sabuwar hula. Yaya ya karɓa hannu biyu ya yi godiya, amma bai sake taka makaranta ba. Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa. Abin da Yaya ya ce kawai, "Tsu... tsuntsu ya yi yawa, Baba."

Manomi ya zama har Allah ya karɓi abinsa. Da na girma na shiga yaƙi da jahilci, shi yake gyara min baƙaƙe a ƙasa da tsinke.

Yanzu jikata tana koyarwa a Yalwawa. Kwanan baya ta ce ana ta maganar biyan malamai gwargwadon abin da ɗalibansu suka ci. Ita tana so, don tana shan wahala, wasu suna hira a gindin bishiya, kuma albashi ɗaya. Ban ce ba ta da gaskiya ba. Na dai tambaye ta ko akwai mai in'ina a ajinta. Ta ce, "Akwai wata yarinya, Kaka. Me ya faru?"

Na ce ranar jarrabawa ta duba min ko yarinyar tana kan bencinta.