Neman Koren Tafki Daga Balan Zuwa Gafasa

Na bar Balan tun kafin kiran assalatu, a shekarar farin nan da gero ya ƙi fitar da kai. 'Yata Hajara ta zo gida wankan jego, ta rame har awarwaro yana zame mata, nono kuma ya ja baya. Nama dai sai a mafarki. Shi ne na tuna da abin da na ci sa'ad da nake lebura a bakin tafkin Chadi. Matan can suna kwashe koren da ke saman ruwa, su shanya a rairayi ya daskare kamar ƙuli-ƙuli, su yi wa masu ciki da masu jego miya da shi. Da na faɗa a gida, uwar Hajara ta ce, "Malam, gansakuka za ka ciyar min da 'ya?" Na dai haɗa jakata don in je in nemo irinsa a tafkin Toranke. Wanda aka cire daga elementare a aji uku ya riga ya saba da raini.

Gaya

A ƙafa na isa Gaya da hantsi. Na sha koko a tasha, tsararo kamar ruwan wanke hannu, sannan na hau wata tsohuwar motar ɗaukar fata da za ta bi ta Toranke. A bayan gari ɗan sanda ya tsayar da mu, ya buɗe jakata, ya ga ƙwarya da farin ƙyalle.

"Baba, me za ka tace?"

"Tafki," na ce.

Ya dube ni, ya dubi direba, ya ce, "Ku kai shi a hankali." Har muka sauka direban nan bai daina dariya ba.

Toranke

Na sauka wurin abokina Sale mai gyaran keke. Da la'asar ya raka ni tafkin garin, wanda ya janye saura wani kore shar a tsakiya. Na naɗe wando na shiga, na tace ƙwarya guda. Amma abin zare-zare yake kamar gashi, ga wari, alhali wanda na sani laushi gare shi kamar gasara. Na ɗanɗana ruwan, babu ko ƙanshin kanwa, na can kuwa a ruwan kanwa yake fitowa.

Sale ya ce, "Akuyar maƙwabcina nan ta sha ta kumbura. In jikanka kake so ya zama maraya, ɗebo da yawa."

Na zubar. Muna cin tuwon dawa da miyar kuka marar mai, ya ce akwai wata Babarbariya mai sayar da kanwa a Gafasa, yara suna tsokanar ta wai miyarta ta fi ganye kore. A shagonsa na kwana tsakanin tayoyi.

Gafasa

Da safe ya ba ni aron keken da ba shi da birki. Yashi ya sa rabin hanyar ni na ɗauki keken. Da azahar na sami tsohuwar, Ya Falmata, zaune a ƙofar gida tana farfasa kanwa. Da na kwatanta mata abin da nake nema da wanda na tace a Toranke, ta shiga ta fito da curi biyu na busasshen koren a ƙunshe cikin tsumma. Shi ne sak.

"Ba na sayarwa ba ne," ta ce. "Fataken da ke kawo shi daga Chadi ba su zo bana ba, matar ɗana kuma tana da ciki."

Na roƙe ta, na kwatanta mata halin Hajara, ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta mai da tsummanta. Na juya keke ke nan ta ce, "Tsaya. Wannan dogon hancin a ina ka samo shi?"

"Uwata Bafulatana ce."

"Ashe bawana ne ya zo yana ta min sallama kamar baƙo."

Duk wanda ya san wasan Fulani da Barebari ya san ƙofa ta buɗe. Na jingine keke na ce, "Yaushe baiwa ta fara hana ubangidanta abinci? Ku da kuka rasa shanu kuka koma tatsar tafki?"

"Kai da shanun, ga ka nan ka zo bara wurin masu tatsar tafki."

Muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Daga ƙarshe ta ce ba za a ce ta bar bawanta da yunwa ba, ta miƙo min ɗaya sukutum, ta ƙi karɓar komai. Ta ce a jiƙa shi, a tace rairayin, a dafa da tumatir da barkono, kuma kada in sake kusantar kududdufi da ƙwarya.

Gida

Na mayar wa Sale kekensa, na sami motar Gaya, na iso Balan washegari da yamma. Uwar Hajara ta dafa tana toshe hanci, ta ce sai na fara ci a gabanta. Na ci. Hajara ta kai loma ɗaya tana yatsine fuska, ta kai ta biyu, can sai na ji cokali yana kankare ƙwarya.

"Baba, akwai saura?"

Ban ce magani ba ne, abinci ne, kuma ranar nan 'yata ta ci ta ƙoshi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Sale. Ya Falmata kuwa ba a gode wa baiwa, amma Allah ya sauki surukarta lafiya.