Delu Mai Daddawa da Hajiyar Bakin Dutse

A unguwar bayan kasuwar Filinge kowa ya san Delu mai daddawa, amma ba mai son magariba ta riske shi a gidanta. Shekara bakwai ke nan da wata farar mujiya ta tare a tsohon rumbun mijinta marigayi, Delu ta ƙi korar ta. Maƙwabta suka ce mugun abu ne. Ba ta musa ba, don tun zuwan tsuntsuwar ɓera ya daina yi mata ɓarna, masu zuwa aron turmi su zarce da gulma su ma suka ɗauke ƙafa.

Wata Laraba sai ga Latifa, sabuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, da aka turo daga Yamai, riƙe da littafi.

"Inna, an ce ke kika san mujiyoyin garin nan. Ina so in gan su don in koya wa yara."

Delu ta dube ta sama da ƙasa. "Ba a zuwa musu kai tsaye, ɗiyata. Sai an gaishe su." Latifa ta rubuta wannan ƙa'ida a littafinta.

Da la'asar sakaliya suka bi ta gonaki. A gindin wani gawo Delu ta tsinci wani busasshen dunƙule, ta murje shi a tafin hannun Latifa. Gashi ne da ƙananan ƙasusuwa.

"Abin da mujiya ta ci jiya ne ta amayar. Duba kawunan."

Biyu ne, duka na ɓera. Latifa ta rubuta.

Rana ta kusa faɗuwa suka isa bakin dutse. Can cikin wani kogo ga wata babbar mujiya, da tukkaye biyu kamar kunnuwa.

"Ga Hajiyar nan," in ji Delu. "Durƙusa."

Latifa ta waiga ko wani na kallo, sannan ta durƙusa. "Ina wuni, Hajiya?"

Mujiya ta juya kai ta ba ta ƙeya.

"Daga garin Damana ta zo, Zabarmanci take ji," Delu ta raɗa mata.

Latifa ta soma jero gaisuwa da Zabarmanci. Tana cikin tambayar lafiyar gida ta ji wani irin sauti a bayanta. Delu ce zaune dirshan a ƙasa, ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba.

"Haba Inna," in ji Latifa, ita ma dariyar ta ƙwace mata. Ta ɗaga alƙalami za ta soke inda ta rubuta ƙa'idar gaisuwa.

"Bar shi," Delu ta ce tana kakkaɓe zane. "Gobe ki kawo mini daraktan makarantarku."