Taɓaryar Dela a Hannun Lado

Lado maƙwabcina ne a Kazaure, katanga ce ta raba mu. Shi Bafulatanin Roni, ni Babarbare, tsokanarsa kuwa gadona ce.

Da shanunsa suka ƙare, sai ya samu aiki a wani injin casar shinkafa a bakin gari. Aikin me? Dukan rumbu. Akwai ƙaton rumbun ƙarfe da ake zuba shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba. In ta yi danshi sai ta cushe ta ƙi saukowa, shi kuma ya yi ta jibgar rumbun da taɓarya har ta zubo. Taɓaryar ma ta matarsa Dela ce, aro ya yi bai mayar ba.

Nakan ce masa, "Fulani na kiwon shanu, kai kana kiwon gwangwani."

Ya ce, "Bawana, tuwon da ka suɗe jiya daga gwangwanin ya fito."

A haka ya tsufa, ƙarar ƙarfe ta cinye masa kunnen hagu. In zan zolaye shi sai na zagayo ta dama.

Bara aka manna wa rumbun wani ɗan inji mai jijjiga shi, shanshera ta riƙa zuba da kanta. Aka miƙa wa Lado tsintsiya. Tun daga nan tsoro ya kama shi, kullum gani yake gobe za a sallame shi, ga iyali. Ya taɓa ce mini, "Mai shara ai ko'ina akwai."

Ranar da ɗan injin jijjigar ya ƙone, an zuba sabuwar shinkafa mai laima, ta cushe. Lado ya ɗauko taɓarya da murna, ya doka, ya doka, ba ta motsa ba. Ƙarfin hannun ya tafi. Shi da kullum yake hana mutane hawa, shi ya hau, ya dira ciki don ya zungure ta. Ashe sama ce kawai ta daskare, ƙasa rami ne. Ta rufta da shi.

Bayan sadakar uku aka kawo wa Dela taɓaryarta, kan duk ya tsage. Na buɗe baki zan ce aro ya dawo, sai ta riga ni.

Ta karɓa ta ce, "Malam, da ma sallamarsa suka yi."

Har yau ba ta daka komai da ita ba.