Faifan Baba Halliru

Har yau in na ga faifai sai gabana ya faɗi, kuma Baba Halliru ne ya ja mini.

Shi ne mai gadin na'urar da masu bincike suka girke kan wani dutse a bayan Roni. Na'urar tana harba hasken leza sama, hasken ya bugi gajimare ko hayaƙi ya dawo, ita kuma ta faɗi nisansu. Ni ban daɗe da gama jami'a ba aka ɗauke ni gwajin wata guda: in duba sakamako kowace safiya, in tura wa shugabar aikin, Dakta Rhoda, a Kazaure.

Kafin gadi, Baba ya yi shekara talatin yana sayar da kunun zaƙi a kasuwar Gwiwa, kuma ya ce ƙuda bai taɓa faɗa masa a kunu ba. Duk abin da ke da baki rufe shi yake, randa, buta, har rediyonsa.

A mako na biyu na'urar ta fara nuna cewa daga magariba zuwa safiya ba ta ganin komai, kamar sama ta sauko ta zauna mata a baki. Na duba wayoyi, na goge gilashi, abinci ya daina shiga. Dakta ta ce a waya, "Nafisat, in kin taɓa wani abu, ki faɗa mini kafin Litinin."

Ran Lahadi na yi sammako. Na tarar da Baba yana ɗage faifai daga bakin na'urar, tsakiyarsa a ƙone.

"Baba, mene ne wannan?"

"Yawwa 'yata, dama ina nemanki. Abin nan naku cin faifai yake. Na huɗu ke nan. Uwargida ta ce ba za ta ƙara ɗinka mini ba."

"Baba, ai sama take kallo."

"To saman ba ta zubo da komai ne?"

Da na faɗa wa Dakta a waya, ta yi dariya har da tari. Ta bar ni a aiki, ta hana rufewa.

Kwana uku da hanawar, shamuwa ta wuce ta sakar wa gilashin kashi. Baba ya miƙo mini tsumma yana kallon gefe.

Yanzu in na'urar tana hutu, a rufe take. Layin farko a takardar aikinmu kuwa cewa ya yi, kafin a kunna a cire faifai. Ni sau uku nake dubawa.