Kibiyar da Ta Ƙi Zama Cikin Wasa

Ni na aiki babban ɗana da jarkokin fetur a kan babur, ta hanyar dajin da ke kewaye shingen kan iyaka. Bai kai Nijar ba, ya faɗa kwazazzabo. Da aka sallamo shi daga asibiti ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, hannun hagu ma ya mutu. Na dama kaɗai ya rage masa, yana da shekara ashirin da biyu.

Lokacin ba a daɗe da fara Shari'a a jiharmu ba, wani mai gidan gem a Jibiya ya rufe shagonsa, ya sayar mini da tsohuwar kwamfuta da ya kawo daga Maraɗi. A cikinta akwai wata manhaja da ke buɗe wasannin dā, irin waɗanda ɗana ya yi yana yaro. Ranar da ya ga wasan harbin jirage ya fito, ya yi dariya, karo na farko tun faɗuwarsa.

Da maɓallai, wasan hannu biyu yake so. Da maus kuwa, ɗan abin nan da ake jan kibiya da shi a allo, hannu ɗaya ya isa. To amma da ya ja kaɗan sai kibiyar ta fice daga akwatin wasan, jirginsa ya tsaya cak, a harbe shi.

Na buɗe cikin maus na wanke ƙwallon da ke ciki da sabulu. Na sa masa faranti a ƙarƙashi, na canja da bangon littafi. Na ba wani direba sautun sabo daga Maraɗi. Duk ɗaya. Rubutu yakan fito a ƙasan allon, amma da Faransanci, ni kuma bokona bai wuce firamare ba.

"Baba, maus ɗin lafiya lau yake," in ji shi. "Akwai abin da ake dannawa. Ka kira malamin nan na Gangara, shi yana jin Faransanci."

Malamin Kirista ne, yana buga wa direbobi takardu kusa da shinge. Ni kuwa a lokacin an sa ni cikin kwamitin masallacin unguwa, ina tsoron a ce an gan shi yana shiga gidana. Na ce, "Bari dai in sake gwadawa."

"Wanka nawa za ka yi wa ƙwallon nan, Baba? Ya fi ni tsabta."

Na yi dariya, ban kira shi ba. Da na so, da na fito da kwamfutar zaure. Sau uku ya roƙe ni, daga nan ya daina. Wata safiya ya ce wa uwarsa ta rufe kwamfutar da zane. Ya yi shekara huɗu a ɗakin nan yana sauraron rediyo kafin Allah ya karɓi abinsa.

Malamin ya zo ta'aziyya, ya zauna a zaurena cikin jama'a, ba wanda ya ko ɗaga kai. Da zai tafi na raka shi, na ba shi labarin kibiyar.

"Ayya, Alhaji," ya ce. "Maɓalli biyu ne, a danna su tare, sai ta kulle a ciki."

Ya nuna mini da yatsu biyu a tafin hannunsa. Na tsaya ina kallon hannun, na kasa tambayarsa ko waɗanne ne.